Jikan da Bai Taɓa Zuwa Ba, da Ɗan da Aka Haifa a Gida: Yadda Ake Gadon Zama Ɗan Ƙasar Ayilan

Akwai mutum a Boston ko Sidni ko Libaful wanda tun da aka haife shi bai taɓa sa ƙafa a Ayilan ba, ko gaisuwa bai iya da harshen ƙasar ba. Amma muddin an haifi kakarsa a wani ƙauye na tsibirin, ko da ta bar shi tana goye, ko da ta daɗe da riga mu gidan gaskiya, dokar Ayilan ta ba shi haƙƙin zama ɗan ƙasa. Ba a yi masa jarrabawa, ba a rantsar da shi, ba a ce sai ya zo ya zauna. Takardu zai haɗa, ya biya kuɗin rajista, ya jira. Ranar da sunansa ya shiga littafi, ya zama ɗan ƙasa kamar kowa, yana iya neman fasfon da zai ba shi damar zama da aiki a ƙasashe 27 na Tarayyar Turai, har da Birtaniya da ta fice daga tarayyar.

Wannan karamci yana da tushe, kuma tushen yunwa ce. A ƙidayar 1841 mutanen tsibirin sun haura miliyan 8. Daga 1845 wata cuta ta far wa dankalin turawa, abincin da talaka ya dogara da shi safe da yamma, kuma kafin 1852 kimanin mutum miliyan 1 sun mutu, wasu fiye da miliyan 1 sun hau jiragen ruwa zuwa Amurka da Kanada da Ingila. Ƙaurar ba ta tsaya da ƙarewar yunwar ba. Zuwa 1911 mutanen tsibirin sun koma kusan miliyan 4.4, kuma a shekarun 1950 da na 1980 matasa sun sake kwarara waje neman abin sa wa a baka. Yau Amurkawa sama da miliyan 30 ke cewa suna da tsatson Ayilan, alhali ƙidayar 2022 ta nuna mutanen Jamhuriyar Ayilan kanta miliyan 5.1 ne da 'yan kai. Ƙasar da kusan kowane gida a cikinta ke da wanda ya tafi bai dawo ba, dole ta yi tunanin matsayin 'ya'yan da suka haifa a can. Tsarin mulkinta ma ya faɗi haka a sashe na 2, inda ya ambaci kusancin da al'ummar ke ji da masu tsatsonta da ke zaune a ƙetare.

Sai dai kusanci daban, haƙƙi daban. Dokar da ke aiki ita ce ta zama ɗan ƙasa ta 1956, wadda aka yi wa gyare-gyare a 1986 da 2001 da 2004, kuma tambayoyi biyu take yi: wa aka haifa a tsibirin, kuma wane matsayi iyayenka suke da shi ranar da aka haife ka.

Idan mahaifinka ko mahaifiyarka ɗan ƙasa ne da aka haifa a tsibirin, to kai ɗan ƙasa ne tun ranar da ka faɗo duniya, ko a Kano aka yanke maka cibiya. Ba ka buƙatar wata rajista, kai tsaye za ka nemi fasfo. A lura da kalmar tsibiri: ana nufin gundumomi 32 duka, 26 na Jamhuriya da 6 na Ayilan ta Arewa da ke ƙarƙashin Birtaniya. Wanda aka haifi uwarsa a Belfas daidai yake da wanda aka haifi tasa a Dablin. Haka kuma ba bambanci tsakanin ɓangaren uwa da na uba; dokar 1935 ce ta fifita uba, ta 1956 ta kawar da wannan.

Idan kuwa kaka ne aka haifa a can, namiji ko mace, ɗaya tak cikin huɗun ya isa. A nan jika ba ya zama ɗan ƙasa haka nan, sai ya shigar da sunansa a Rajistar Haihuwar Ƙetare, wadda Ma'aikatar Harkokin Waje ke riƙe da ita, masu nema suna kiran ta FBR a taƙaice. Ba sharaɗi ba ne a ce mahaifin da ke tsakani ya taɓa riƙe fasfon Ayilan. A idon doka shi ɗan ƙasa ne ko ya sani ko bai sani ba, kuma ta kansa haƙƙin ya gangaro.

Daga tattaɓa-kunne ne lamarin ke rikicewa, kuma a nan ne iyalai da yawa suka yi asarar da ba ta gyaruwa. Kafin gyaran 1986, wanda ya yi rajista ana mayar da matsayinsa baya, zuwa ranar haihuwarsa ko zuwa 17 ga Yuli 1956, duk wadda ta zo daga baya. Gyaran ya soke wannan. Yanzu zama ɗan ƙasa yana farawa ne daga ranar da aka rubuta sunan mutum a rajistar. Abin da ke biyo baya shi ne, jika yana iya gadar wa ɗansa ne kawai idan ya riga ya shiga rajistar kafin a haifi ɗan.

A ce wata mata a Manchesta, kakarta haifaffiyar gundumar Mayo. Ta haifi ɗanta na fari a 2015, ba ta san da wata rajista ba. Bayan ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta nema, sunanta ya shiga a 2018, ta haifi 'ya mace a 2020. Yarinyar za a iya yi mata rajista, domin ranar da aka haife ta uwarta 'yar ƙasa ce. Yayanta kuwa, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaki ɗaya suke kwana, ba shi da hanya ta wannan ƙofa har abada. Idan iyalin suka sauka a filin jirgin saman Madrid, uwa da 'ya su bi layin 'yan Tarayyar Turai da fasfonsu, shi kuma nasa fasfon na baƙo ne. Ko watanni biyu ne tsakanin haihuwa da fitowar takardar, hukuncin ɗaya ne, domin ranar shiga rajista ake dubawa, ba ranar da aka aika takardu ba. Shi ya sa ma'aikatar ke sauraron masu juna biyu da suka nemi a gaggauta musu, idan jinkirin zai sa abin da za a haifa ya rasa haƙƙinsa. Ita kuma wannan yarinya, idan ta girma ta haihu tana cikin rajistar, nata 'ya'yan ma za su iya shiga. Sarƙar ba ta da iyaka, muddin kowane zuriya ya yi nasa kafin na bayansa ya iso.

Wannan ne dalilin da ya sa manyan mutanen da Ayilan ke alfahari da su ba su cancanta ba. Barack Obama ya ziyarci ƙauyen Moneygall a Mayun 2011, aka yi masa tarba ta ɗan gida, amma wanda ya bar ƙauyen a 1850, Falmouth Kearney, kakan kakan mahaifiyarsa ne. Joe Biden, da ba ya gajiya da ambaton garin Ballina da gundumar Louth inda tsatsonsa yake, shi ma nasa sun yi nisa. Akwai dai sashe na 16 na dokar, da ya bai wa ministan shari'a ikon sassauta sharuɗɗa ga mai tsatso ko alaƙa da ƙasar, amma wannan ganin dama ne, kuma a aikace ana son a ga mutum ya zauna a ƙasar na wasu shekaru. Wanda ya ce maka kakan kakanka ya ishe ka, kuɗinka yake so.

Masu kallon ƙwallo sun san wannan doka ko da ba su san sunanta ba. Tun da Jack Charlton ya karɓi horar da tawagar ƙasar a 1986 ya shiga farautar 'yan wasan da aka haifa a Ingila da Sikotilan masu iyaye ko kakanni 'yan Ayilan, kuma da su ya kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar cin kofin duniya ta 1990 a Italiya. Declan Rice na Arsenal, haifaffen Landan, ta hanyar kakanninsa na Cork ya buga wa Ayilan wasanni uku a 2018 kafin ya koma Ingila a 2019, abin da har yau bai yi wa magoya baya a Dablin daɗi ba.

Aikin gaske yana wajen takardu. Ana buƙatar takardar haihuwa ta hukuma, cikakkiya mai ɗauke da sunayen iyaye, ta mutum uku: mai nema, da mahaifin da ke tsakani, da kakan. Ana haɗawa da takardar aure inda suna ya canja, da kwafin shaidar wanda ke raye ko takardar rasuwar wanda ya mutu, da shaidar adireshin mai nema, da hotuna. Sai shaida, wanda ya san mai nema amma ba ɗan'uwansa ba, daga cikin masu sana'o'in da aka lissafa, irin su likita, lauya, malamin makaranta, ɗan sanda ko malamin addini. Ana cike fom ta intanet, a buga shi, a aika takardun na asali zuwa Ayilan. Kuɗin ya kai yuro 278 ga babba, 153 ga yaro, jiran kuwa yakan ɗauki watanni da dama, ko da yake lokacin annobar korona ya kai shekara biyu. Gwajin ƙwayoyin halitta da kamfanoni ke sayarwa, wanda zai ce maka kashi kaza na jininka na Ayilan ne, ba ya tsaya maka a nan ko kaɗan.

Ana yawan jin cewa takardun Ayilan sun ƙone. Gaskiya ne gobarar da ta cinye ma'ajiyar takardun gwamnati a ginin manyan kotuna na Dablin a Yunin 1922, farkon yaƙin basasa, ta lashe takardun ƙidaya na 1821 zuwa 1851 da littattafan coci da dama. Amma rajistar haihuwa ta hukuma, da aka fara a 1864, ba a can take ba, ta tsira. Kakannin yawancin waɗanda ke raye yau bayan 1864 aka haife su, don haka takardunsu suna nan. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne saɓanin suna da kwanan wata. Kaka ta shiga jirgi da suna ɗaya, ta yi aure a Amurka da wani, ta rage shekarunta biyu a takardar aure. Jami'in da ke dubawa yana son ya ga zare ɗaya bai tsinke ba daga takarda ta farko zuwa ta ƙarshe, kuma duk inda ya tsinke sai ya nemi ƙarin bayani.

Kafin 2016 masu neman shiga rajistar ba su wuce dubu biyar zuwa shida a shekara ba. Bayan ƙuri'ar 23 ga Yunin 2016 suka yi ta ninkuwa, har suka kai kusan 32,000 a 2019, galibinsu daga Birtaniya. Dalilin a bayyane yake. Akwai tsohuwar yarjejeniyar zirga-zirga tsakanin Ayilan da Birtaniya wadda ta girmi Tarayyar Turai, kuma ficewar ba ta taɓa ta ba, don haka fasfon Ayilan ya zama mai buɗe ƙofofin biyu a lokaci guda. A daidai lokacin da Italiya, wadda a da ba ta sa iyaka ga nisan tsatso, ta taƙaita nata zuwa iyaye da kakanni a Maris 2025, Ayilan ta bar nata tsarin yadda yake.

Ni dai ba ni da ja da wannan ƙofa. Mutanen da yunwa da rashin aiki suka kora ba da son ransu suka tafi ba, kuma kuɗin da suka riƙa aikowa gida ya riƙe iyalai masu yawa shekara da shekaru. Ƙasa ta tuna da jikokinsu, wannan halacci ne. Abin da ke damuna shi ne ɗaya ƙofar, wadda aka rufe, kuma a nan ne labarin ya shafi 'yan Najeriya kai tsaye.

Har zuwa ƙarshen 2004, duk jaririn da aka haifa a tsibirin yana da haƙƙin zama ɗan ƙasa, ko su wane ne iyayensa. Yarjejeniyar zaman lafiyar Ayilan ta Arewa ta 10 ga Afrilun 1998 ma ta sa aka shigar da wannan cikin tsarin mulki. A ƙarshen 1989 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar wani ɗan Najeriya da matarsa 'yar Maroko cewa yaro ɗan ƙasa yana da haƙƙin zama tare da iyayensa, kuma shekaru da dama ana bai wa irin waɗannan iyaye izinin zama bisa wannan. Da tattalin arziki ya bunƙasa a ƙarshen shekarun 1990, baƙi suka ƙaru, sai murya ta canja. A Janairun 2003 kotun ta sake zama a kan wasu iyalai biyu, ɗaya daga Najeriya ɗaya daga Jamhuriyar Cek, ta ce haihuwar ɗan ƙasa ba ta hana a kori iyayensa. Ga kuma shari'ar wata mata 'yar Sin da ta je Belfas ta haihu a 2000, ta nemi zama a Birtaniya bisa fasfon Ayilan na jaririyarta, lamarin da ya kai gaban Kotun Tarayyar Turai. Gwamnatin Firaminista Bertie Ahern, da ministan shari'arta Michael McDowell, ta ce ana wasa da dokar, ta kira ƙuri'ar raba gardama. Ranar 11 ga Yunin 2004 kusan kashi 79 cikin ɗari suka amince a rufe ƙofar.

Tun daga 1 ga Janairun 2005, jaririn da aka haifa a tsibirin ba ya zama ɗan ƙasa sai idan ɗaya daga iyayensa ɗan Ayilan ne ko ɗan Birtaniya, ko yana da izinin zama marar iyaka, ko ya zauna bisa ƙa'ida shekara uku cikin huɗun da suka gabaci haihuwar. Kuma ba kowane zama ake lissafawa ba. Shekarun da mutum ya yi da izinin ɗalibi, wato hatimi mai lamba 2, ba sa shiga, haka ma lokacin da ya yi yana jiran amsar neman mafaka. Ɗalibin digiri na uku da ya shekara huɗu a Galway, matarsa ta haihu a asibitin garin, ɗansa baƙo ne. Yaron zai tashi da harshen unguwar a bakinsa, ya yi makaranta da 'ya'yan maƙwabta, bai san wata ƙasa ba, amma jikan da ke Sidni wanda bai taɓa zuwa ba ya fi shi haƙƙi. A 2023 an ɗan sassauta, aka ce irin waɗannan yara za su iya neman zama 'yan ƙasa bayan shekara uku maimakon biyar. An rage nisa, amma har yanzu roƙo ne, na wancan kuwa haƙƙi.

Mu a Najeriya bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma haka take aiki: wanda aka haifa a Legas, bai taɓa kwana a garin kakansa ba, zai je ya karɓo ta, wanda kuma aka haifa a garin ya girma a ciki za a ce masa ba ɗan asali ba ne. Duk wanda ya ga zafin wannan a gida zai gane abin da nake nufi. Ƙasar da ta san ɗacin a kira 'ya'yanta baƙi a Boston da Landan, ita ya fi kamata ta yi wa ɗan baƙo sauƙi.

Duk da haka dokar ba ta koma baya ba, kuma wannan yana da muhimmanci ga iyalai da yawa a wannan yanki namu. Yaran da aka haifa a tsibirin kafin 2005 'yan ƙasa ne cikakku. Rhasidat Adeleke, 'yar tseren da aka haifa a Dablin a 2002 ga iyaye 'yan Najeriya, da Adam Idah, ɗan ƙwallon da aka haifa a Cork a 2001, tsararsu ke nan. Akwai irinsu da iyayensu suka dawo da su gida tun suna ƙanana, wasu da son rai wasu da tilas, yanzu sun kai shekarun aure a Legas da Abuja da Kaduna. A idon dokar Ayilan kowannensu daidai yake da waccan kaka ta Mayo: ɗan da zai haifa a Najeriya ɗan Ayilan ne kai tsaye, jikansa kuma zai iya shiga rajista. Wanda ke cikin wannan hali ya adana takardar haihuwarsa ta Ayilan, ya kuma yi wa 'ya'yansa takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da wuri, kada ya dogara da takardar rantsuwar shekaru da ake yi a kotu bayan yaro ya girma. A kula da rubutun suna ma. Idan takarda ɗaya ta ce Muhammad, ta biyu ta ce Mohammed, ta uku ta ɗauki sunan gari a matsayin sunan mahaifi, to jami'in da ke Dablin mutum uku yake gani.

Na waɗanda suka je aiki suka zauna, likitoci da ma'aikatan jinya da injiniyoyi, ya ɗan bambanta. Su sukan zama 'yan ƙasa ne ta hanyar zama, bayan shekara biyar cikin tara da izinin da ake lissafawa, su biya yuro 175 na nema da 950 na takardar shaida, su halarci bikin rantsuwa irin wanda aka fara yi a 2011. Tun da ba a tsibirin aka haife su ba, ɗan da suka haifa a waje ba ya gado kai tsaye. Idan matar irin wannan mutum ta zo gida wankan jego tun kafin haihuwa, ta haihu a Kano, sai an shigar da jaririn Rajistar Haihuwar Ƙetare kafin a ba shi fasfo, kuma wannan na iya riƙe uwa da ɗa watanni. 'Ya'yan da aka haifa kafin uban ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa kuwa ba su da rabo ta hanyar gado, domin ranar da aka haife su shi ba ɗan ƙasa ba ne. Nasu sai ta hanyar zama a ƙasar. Aure ma ba ya gadarwa. Tun Nuwamban 2005 aka daina bai wa miji ko mata zama ɗan ƙasa da sanarwa kawai. Yanzu sai an shekara uku da aure, an kuma zauna a tsibirin shekara uku cikin biyar.

Ayilan ba ta hana riƙe fasfo biyu, kuma tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya yarda wa wanda yake ɗan ƙasa ta haihuwa ya riƙe na wata ƙasar. Ba kowace ƙasa ce haka ba. Kamaru, alal misali, dokarta ba ta amince wa babba da haka ba, don haka mai fasfonta ya bincika kafin ya sa hannu. Shi kuma wanda ya samu ta gado yana zaune a waje, ba a bin sa haraji don fasfo kawai, domin harajin Ayilan zama yake bi. Haka nan ba ya jefa ƙuri'ar zaɓen majalisar wakilai ko ta shugaban ƙasa daga inda yake. An daɗe ana maganar yin ƙuri'ar raba gardama don bai wa mazauna ƙetare damar zaɓen shugaban ƙasa, gwamnatoci suna ɗagawa, kuma masu adawa da shirin kullum hujjarsu ita ce yawan waɗanda rajistar ta shigar.